Hankaka, balbela da yadda ake gane tsuntsun da ke cikin karin magana

Tambaya daga Gusau: Ana cewa "hankaka mai da ɗan wani naka". Da gaske ne hankaka ba ya ƙwai, sai dai ya saci 'ya'yan wasu tsuntsaye?

Amsa: Hankaka na yin ƙwai. Yana haɗa sheƙa da ƙirare a kan dogayen itatuwa irin su giginya, ko kan ƙarfen wutar lantarki, macen ta saka ƙwai uku zuwa shida masu ɗigo-ɗigo. Amma kada a yi saurin cewa magabata sun faɗi abin da ba su gani ba. Akwai wani tsuntsu mai dogon wutsiya da ɗan tukku, bayansa toka-toka da ɗigon fari, wanda masana ke kira Clamator glandarius. Ba ya yin sheƙa sam. Macen takan faki idon hankaka ta saka nata ƙwan a cikin nasa, hankaka ya kwanta a kai, ya ƙyanƙyashe, ya ciyar. Sau da yawa ɗan baƙon ne ke riga fitowa, ya fi 'ya'yan gida samun abinci. Wanda ya hangi hankaka na ɗura wa ɗan tsuntsun da bai yi kama da shi ba, dole ya ce satowa ya yi. A ganina daga nan maganar ta samo tushe: an ga abin daidai, dalilin ne aka juya. Ana faɗin ta ga mai riƙon ɗan wani kamar nasa, wani lokaci kuma da zambo ga mai mallake abin da ba shi ya haifa ba.

Tambaya daga Maraɗi: Me ake nufi da "balbela ci da motsin wani"? Kuma ita da zalɓe ɗaya ne?

Amsa: Dangi ne, amma kowa da halinsa. Balbela fara ce, gajeriya, bakinta rawaya, tana bin shanu tana cafke fara da ƙwarin da kofatonsu ya tayar daga ciyawa. Shi ne motsin wani da take ci da shi, don haka ake yi wa mai cin moriyar wahalar wasu wannan kirari. Zalɓe ya fi ta tsawo nesa, toka-toka ne, yakan tsaya cik a bakin ruwa yana dakon kifi da kwaɗi.

Tambaya daga Kumasi: Idan na ji sunan tsuntsu a karin magana, ina zan duba in san ainihin wanne ne?

Amsa: Littafi ɗaya ba zai wadatar da kai ba. Ƙamus zai ba ka suna da ma'ana, littafin tsuntsaye ya ba ka kamanni. Fara da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ka haɗa da na Bargery na 1934, wanda ya tattara sunayen tsuntsaye da yawa har da na karuruwan harshe daban-daban. Daga nan ka koma littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma na Borrow da Demey, wanda ya fara fitowa a 2001, mai zanen kowane tsuntsu da taswirar inda ake samunsa.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne ɗaukar cewa kowane suna na tsuntsu ɗaya ne. Kurciya suna ne da ya rufe nau'o'i da dama, sai an kalli wuya da wutsiya an kuma saurari kuka kafin a rarrabe su. Ta ɗaya gefen, babba-da-jaka da borin-tinke tsuntsu ɗaya ne, haka fakara da makwarwa. Manhajar waya irin su Merlin na iya gane hoto, amma ba za ta gaya maka sunan da mutanen garinku ke kira ba. Wannan sai mafarauci, makiyayi ko masunci, kuma a tambaye su tsuntsun na gabansu, ba daga kwatance ba.

Kafin ka buɗe littafi, rubuta girmansa idan aka gwada da tattabara ko zabo, siffar baki, launin ƙafa, wurin da ka gan shi, da watan. Sanin watan yana warware gardama da yawa. Shamuwa, baƙa amma cikinta fari, tana isowa ƙasar Hausa ne gab da faɗuwar damina, wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, sannan ta nufi kudancin Afirka da kaka. Wanda ya ce ya ga shamuwa a tsakiyar hunturu, ya sake dubawa. Idan abin ya gagara, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, kuma hoto mai nuna baki da ƙafa sosai ya fi dogon bayani amfani a wurin masana.