Kafin ki sa hannu a takardar, bi gyadar har gona

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na ga tambayarki: kina yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Tudun Wada, wani babban kanti a Abuja zai riƙa sarar kayanki, amma sun turo takarda ki sa hannu cewa babu aikin tilas ko bautar da yara a duk inda kayan suka bi, kina neman yadda za ki tabbatar. Na daɗe ina harkar gyaɗa a nan Zariya, kuma shawarata ita ce ki dakata da sa hannun tukuna, domin takardar ba cikin gidanki kaɗai take tambaya ba.

Ɗauki biro ki rubuta duk hannun da ke taɓa kayanki: manomi da 'yan ƙwadagon da suka cire gyaɗar, matan da suka ɓare ta, dillalin da ke kawo miki buhu, ɗan dako, mai injin markaɗe, masu matsa da tuya, masu ƙullawa. A kan kowa tambaya biyu ce. Kuɗin aikin hannun wa yake shiga? In mutumin ya ce gobe ba zai zo ba, me zai same shi?

A wajenmu ba za ki ga sarƙa ko mari ba. Bashi za ki gani. Ana ba mace kafin alƙalami lokacin da haihuwa ko jinya ta matse ta, a ce za a riƙa cirewa a ladanta, amma ba a rubuta komai ba. Wata ya wuce, shekara ta zagayo, ita ba ta san nawa ya rage ba, kuma duk ranar da ta ce za ta koma wani gida sai a tuna mata da bashin. Haka ake yi wa 'yan ci-rani a gona, a riƙe ladansu "sai an gama kaka" don kada su tafi. Wannan shi ne aikin tilas ko da ba a taɓa zagin kowa ba, kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta lissafa riƙe lada da ɗaure mutum da bashi cikin alamominsa. Ni in zan ba ma'aikaciya bashi, a littafi muke rubutawa gaban shaida, ta san abin da ake cirewa kowane mako, kuma tana da damar barin aikin ta ci gaba da biya daga waje.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan matan da ake kawowa daga ƙauye. Wata mata ce ke kawo su, ita ke karɓar kuɗin wata, ta ce za ta kai wa iyaye. Yarinya tana bakin kasko tun asuba, ba boko ba allo, ita kuma ko naira ɗaya ba ta gani. In kin shiga gidan da ake miki tuya kika ga irin wannan, ki sani dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar yaƙi da fataucin mutane ta ƙasa, wato NAPTIP, ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya hana bauta da aikin tilas, jihar Kaduna ma tana da tata dokar kare yara tun 2018. Ba ina maganar ɗiyar da ke taya mahaifiyarta ɓarar gyaɗa bayan ta taso daga makaranta ba. Dukanmu haka muka tashi. Bambancin a fili yake: wannan tana gidansu tana karatu, waccan an raba ta da duka biyun. Almajirai kuma, wanda ya yini yana ɗauko miki buhu a ba shi kuɗi a hannunsa, ba ƙanzon tuwo ba, ƙananan cikinsu kuwa kada a bari su kusanci inji ko mai mai zafi.

Sai kuma ke kanki. In kin taya kuɗin tuya ƙasa da abin da zai biya babbar mace, kin kuma ce a kawo kaya gobe da safe, mai gidan tuyar ba ta da mafita sai ta nemo hannu mai araha ta hana shi barci. Zauna da ita ku yi lissafin tiya nawa mace ɗaya ke gamawa a yini, nawa ya kamata ta samu, ki ɗora wannan a farashin da za ki ba 'yan Abuja. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, bai kuma hau kan aikin jinga ba, saboda haka doka ba za ta bi ki a nan ba. Amma kin san hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, da wanda Buhari ya ruwaito cewa Allah da kansa zai yi husuma ranar ƙiyama da wanda ya sa aka yi masa aiki ya hana lada.

Ki riƙa zuwa ba sanarwa, ki yi hira da masu aikin ba a gaban uwar ɗakinsu ba. Gona ta fi wuyar bi, shi ya sa na fi son saye wajen manoma kaɗan da na san ƙauyukansu maimakon buhun da ya bi ta hannu biyar a kasuwa.

In kin tarar da ɓarna, kada ki janye cinikinki rana ɗaya, domin wani gida za a kai yarinyar, inda babu mai leƙawa. Ki faɗi sharaɗinki: a mayar da ita makaranta, a rubuta bashi, lada ya shiga hannun mai aiki, ki ba da wa'adi ki dawo ki duba. In an ƙi, ki sanar da mai unguwa. In akwai duka, ko kullewa, ko an rabo yarinya da iyayenta da yaudara, wannan na NAPTIP ne da 'yan sanda kai tsaye. Su kuma masu kantin, ki rubuta musu inda kika duba da idonki da inda ba ki kai ba tukuna, ki haɗa da kwafin littafin biyanki, sannan ki sa hannu a kan wannan.