Amsa: Kare tumatir daga sanyi mai daskarar da raɓa

Malam, ka tambaya ko za ka iya dasa tumatir da wuri, kafin sanyi ya gama janyewa, domin ka samu girbi da sauri. Za ka iya, amma da sharaɗi.

Tumatir yana mutuwa idan ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 0 na Salshiyas, kuma hatsarin ya fi yawa a daren da sama ta washe, iska ta kwanta, domin a lokacin ne ƙasa ke saurin sakin ɗuminta. Saboda haka ka shayar da shukar da rana, tunda ƙasa mai laima ta fi riƙe zafi, sannan ka lulluɓe shukar da yadi kafin faɗuwar rana, gefensa ya taɓa ƙasa. Idan leda za ka sa, ka ɗaga ta a kan sanduna, domin sanyi zai ƙona ganyen da ya jingina da ita. Da hantsi ka yaye murfin.

Sai dai, a ganina, kada ka yi gaggawa sosai, domin ƙasa da digiri 10 shukar ba ta girma yadda ya kamata, furenta ma yakan zube.