Ruwan rafi ja kamar shayi a arewacin Suwidin: gurɓacewa ce?

Tambaya: Malam, ina karatun kimiyyar muhalli a Umeå. An tura mu ɗibar ruwa a rafukan Krycklan, wani yankin daji da ake bincike a cikinsa, sai na tarar da shi ja kamar shayin da ba madara, har da kumfa. Gurɓacewa ce? Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗana. Wannan launi narkakken kabon ne na ruɓaɓɓun tsirrai da ruwa ke tatsowa daga fadamu da ƙasar daji. Inuwar itatuwa da jan ruwan kan tare haske, gansakukar da za ta ciyar da bakteriya ba ta yabanya sosai, don haka bakteriyar rafin daga tudu abincinsu ke zuwa. Suna cinsa suna fitar da iskar kabon dayoksaid.

Abincin kuma ba ɗaya ba ne. Wanda ke fitowa daga ƙasar daji ta bakin rafi ya fi sauƙin ci. Na fadama ya fi duhu da tauri, yakan yi tafiya mai nisa kafin a taɓa shi. Kaso mai yawa na kabon ɗin shekara yana sauka ne a Afrilu da Mayu, lokacin narkewar ƙanƙara, ruwan ya ƙara tsami. In za ka auna kabon ɗin, tace ruwan da mataci mai ƙananan ramuka na maikuromita 0.45, ka ajiye cikin duhu da sanyin digiri 4 na Salshiyas. In ka bar shi a kan tebur, bakteriya za su cinye abin da ka zo aunawa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu hukunta ruwa da ido: ja ƙazanta, garau lafiya. Wa ya gaya musu? A 2010 mutum kusan 27,000 suka kamu da zawo a garin Östersund na Suwidin, daga ruwan famfo garau. Ƙwayar Cryptosporidium ce, ba ta da launi, kulorin ma ba ya kashe ta yadda ya kamata. A 2011 garin Skellefteå ma ya ɗanɗana irinsa. Su kuwa masu zuba kulorin a jan ruwa wai ya tsarkaka, kabon ɗin ne ke shanye maganin kafin ya kai ga ƙwayar cuta, ya kuma bar sinadarai masu illa irin su kulorofom. Shi ya sa gidajen ruwa suke fara cire kabon tukuna. Jan ma ba lasisin sha ba ne, ba ka san mushen da ke kwance sama da kai ba. Ja ko fari, in a daji kake, tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka.