Amsa ga 'yar'uwar da ta ce tana jin kunyar zuwa Umara

'Yar'uwa, na karanta saƙonki sau uku kafin na iya rubutu. Kin ce tun rasuwar maigidanki sallah ta zame miki dungure kawai, har zuciyarki na tambayar me ya sa sai shi, yanzu kuma kin fita takaba yayanki zai biya miki Umara, kina tsoron ki je da wannan zuciyar. Allah Ya jiƙansa. Wallahi kamar ni kika rubuta.

Ni ɗana na fari ne, hatsarin mota a hanyar Zariya, shekara uku ke nan. Da ransa aka kai shi asibiti, suka bar shi kan benci wai sai an yanki kati an kawo 'yan sanda. Har yau ban iya bin layin asibitin nan. Amma abin da ya fi ci mini rai ranar sadakar uku ne. Ina kuka a ɗaki, facalata ta shigo gaban mata ta ce, "Haba Hajiya, ke da ake ganinki da ilimi? Kina ƙara masa azaba fa." Na haɗiye kukan. Wata takwas ban sake zubar da hawaye ba, ban kuma sake ɗaga hannu na roƙi komai ba. In na yi sallama sai in naɗe darduma kamar ana korata. Matar nan har gobe tana gaishe ni kamar ba ta yi komai ba, ina amsawa dai.

A haka na tafi. Kada kowa ya ruɗe ki cewa da kin ga Ka'aba sai hawaye. Ni na gan ta, na kuma gama ɗawafi ƙirjina kamar dutse, na ce shi ke nan, na halaka. A sa'ayi ne abin ya zo. Wajen zagaye na biyar tsakanin Safa da Marwa, ƙafata ta kumbura, na ga samari suna sassarfa a ƙarƙashin koren fitilun nan, ɗaya daga baya sak ɗana. Sai na tuna wannan hanyar uwa ce ta fara bin ta, Nana Hajara, hankalinta a tashe saboda ɗanta. Kin san ɗan fari ba ma kiran sunansa. Shekara 22 ban taɓa faɗa ba. Ranar na jingina da bango na kira shi da sunansa, da ƙarfi. Wata tsohuwa 'yar Indunusiya ta miƙo mini zamzam a kofi, ba mu jin yaren juna, ta zauna da ni har na gaji.

Ki buɗe Suratu Yusuf aya ta 84 zuwa 86. Annabi Yaƙub idanunsa har suka yi fari don baƙin ciki. Manzon Allah (SAW) ma ya yi hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Waswasin da ke damunki kuwa, sahabbai sun kai irin ƙararsa, ya ce musu ƙin da suke masa shi ne tsantsar imani, yana cikin Sahihu Muslim.

Ki je, don Allah. Amma ki guji goman ƙarshe na azumi, cunkoson zai wahalar da ke. Kada ki haɗa ɗaki da masu yawan wa'azi. Ki riƙe safa mai kauri da man zafi. In kuma barci ya ƙi kwana da kwanaki, ki ga likita tun kafin tafiyar, ni na yi taurin kai na sha wuya. Har yanzu akwai daren da tambayar ke dawo mini, sai dai yanzu ina iya ɗaga hannu. In kin sa ranar tashi ki turo mini saƙo, akwai abin da zan ba ki sallahu ki faɗa mini a Marwa.