Ruwan ORS bai tsayar da gudawar ɗana ba

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ɗana ɗan wata 11 ya kamu da gudawa, a asibiti aka ba ni ORS, wato haɗin gishiri da sukari, da ƙwayar zinc. Yau kwana biyu ina ba shi amma zawon bai tsaya ba, har surukata tana cewa haƙori ne, in je kemis in sayo Flagyl. Shin maganin ne ba shi da ƙarfi?
Wata uwa, daga Funtuwa

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Malama, kin ɗora wa maganin aikin da ba nasa ba ne. Ba a haɗa ORS don ya tsayar da zawo ba, aikinsa shi ne mayar wa jiki ruwa da gishirin da suke zubewa, domin abin da yake kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. Sukarin da ke ciki yana taimaka wa hanji ya tsotsi gishiri, ruwa kuma ya bi gishirin ya shiga jini, ko da cikin yana ci gaba da zuba. Da wannan haɗi likita Dilip Mahalanabis ya ceci dubban 'yan gudun hijirar Bangladesh daga kwalara a 1971, lokacin da ruwan da ake ƙara wa majinyata ta jijiya ya yi ƙaranci.

Saboda haka kada ki auna nasarar maganin da yawan wankin wando. Ki duba ko yana fitsari, ko bakinsa da danshi, ko idanunsa da maɗigarsa ba su faɗa ba. Idan an rubuta lita 1 a jikin fakitin, ki zuba shi a ruwan fiya wata leda biyu. Ki riƙa ba shi da cokali, idan ya yi amai ki dakata minti 10 ki ci gaba, abin da ya kai awa 24 kuma ki zubar. Kada ki janye masa nono.

Zinc ne yake rage tsawon ciwon, ya kuma kare shi daga dawowarsa na wata biyu zuwa uku, muddin ya sha miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da ya warware.

Ki lallaɓa surukarki, amma fitowar haƙori ba ta kawo irin wannan zawo, Flagyl kuma ba ya taɓa birus ɗin rota da ke yawan haddasa shi. Idan kin ga jini a kashinsa, ko ya ƙi shan nono, ko jikinsa ya saki, ki koma asibiti nan take.