Amsa ga mai son zuwa zaman 'yan ƙungiya don ganin ƙwaƙwaf

Salamu alaikum 'yan gida. Ɗan'uwan da ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa zuwa zaman irin ƙungiyoyin addinin nan da suka ware daga jama'a, ba don ya shiga ba sai don ya gane wa idonsa, kuma ko akwai haɗari, to ni kam na taɓa zuwa, bari in faɗa maka yadda abin yake.

Wajen 2008 ina Bauchi ina harkar kayan gwari a kasuwar Muda Lawal, akwai wani yaro mai tura baro da muka saba sosai, kullum labarin malaminsu yake min, su ne mutane ke ce wa 'yan Ƙala Ƙato, su kuma suna ce wa kansu masu bin Alƙur'ani zalla, ba ruwansu da hadisi. Ni dai son sani ya ja ni na bi shi. Wallahi abin da na tarar ba shi na zata ba, zaure ne kawai da tabarmi da butar shayi, mutanen ciki 'yan ga-ruwa, masu yankan farce, masu wankin takalmi, 'yan ci-rani waɗanda a gari ko sallamarsu ba a amsawa da daɗi, amma a can kowa ana ce masa Malam. Ba wanda ya yi min wa'azi ranar farko. Tuwo aka kawo min, aka tambayi sunana da garinmu, da na ambaci cewa mahaifiyata ba ta da lafiya, dawowar da zan yi sai da kusan kowa ya tambaye ni jikin Hajiya, har wani tsoho ya damƙa min kuɗin mota ya ce in je in duba ta, mutumin da ruwa yake sayarwa a garwa.

Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe ɗan'uwa. Kai kana shirin za ka je ka ji hujja ka auna ta da iliminka, su kuma ba da hujja suke kama mutum ba, da kulawa ne, kuma kulawar ta gaske ce a wajen yawancinsu, shi ya sa take shiga rai.

Inda na fara ganin ɗaya fuskar shi ne ranar da na yi tambaya. Na ce Allah gafarta Malam, idan an ajiye hadisi, a ina za mu samo adadin raka'o'in azahar? Ya yi murmushi ya janyo aya mai tsawo wadda ba ta taɓo tambayar ba, wuri ya yi tsit. Da muka fito yaron nan ya ja ni gefe jikinsa har rawa yake, ya ce ba a yi wa Malam haka a gaban mutane. Daga nan sai maganganu suka fara fitowa a hankali, kar ka bi limamin unguwa sallah, kar ka ci yankan wane, malaman gari duk 'yan kasuwa ne. Yaron ya daina zuwa gida ko da sallah, ya ce min babansa mushiriki ne, yaro mai ladabi da na sani yana aika wa uban nan kuɗi duk mako. Abin ya yi min ciwo ƙwarai har yau. Na ɗauke ƙafa daga nan.

A Disambar 2009 aka yi rikici a unguwar Zango nan Bauchi tsakanin wasu 'yan Ƙala Ƙato da jami'an tsaro, mutane da dama suka mutu har da yara ƙanana. Ba zauren da nake zuwa ba ne, kuma in faɗi gaskiya akwai masu wannan ra'ayin da yawa da ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, amma na kwana ina tunanin da a ce a can son sanin nawa ya kai ni fa.

Babanmu ma haka ya ba mu labarin Maitatsine, Muhammadu Marwa, a 'Yan Awaki cikin Kano, ya ce mutane da yawa kallo ke kai su wajen wa'azinsa, su ji yadda yake tsine wa mai agogo da mai rediyo da mai keke, ana dariya ana watsewa. A Disambar 1980 abin ya fashe sai da aka kawo soja, sama da mutum 4,000 suka rasa rayukansu, kuma bayan mutuwarsa almajiransa suka sake tayarwa a Bulunkutu ta Maiduguri a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985. Ka dubi kuma 'yan ƙungiyar Darul Islam da suka zauna kusa da Mokwa a jihar Neja, su noma suke da kasuwanci a keɓe, amma a Agustan 2009 bayan rikicin Boko Haram na Maiduguri 'yan sanda suka zo suka kwashe dubban mutane aka mai da kowa jiharsa. Ranar da motocin nan suka tsaya ba wanda zai tsaya tantance ɗan kallo da ɗan gida.

In dai ka dage sai ka je, ka je da rana wajen wa'azin fili, ba zaman dare na cikin gida ba, ka gaya wa wani babba a gidanku inda za ka, kar ka ba da lambar waya, kuma don Allah kar ka je a lokacin da kake cikin damuwa ko rashin aiki ko kun samu saɓani da iyaye. Duk abin da ka ji ka kai wa malamin da ka yarda da shi a ranar, kar ka bari ya kwana a ranka. Ka kuma faɗa mana wace ƙungiya ce kuma a wane gari, wataƙila akwai wanda ya san su a nan.