Tsohuwar Fijon Baba Tana Cin Jarina: In Ci Gaba Da Gyara Ko In Sayar?

Wani ɗan kasuwar riɗi da zoɓo daga wani ƙauye kusa da Gumel ya aiko da wannan tambaya: "Mahaifinmu ya rasu ya bar a-kori-kura Fijo 504. Shekara takwas tana ajiye a gindin darbejiya. Na ce bari in tashe ta don ɗaukar kaya, yanzu na kashe naira 400,000 daga kuɗin kasuwa. Da safe tana tashi, in ta yi zafi sai ta mutu, batir ba ya kwana da caji, lagireto kuma yana shan ruwa. Bakanike ya ce a sauke inji. Wani daga Kano ya taya. Ga kaka ta gabato. Me zan yi?"

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Alhaji, kafin mu buɗe bonet, motar nan ta faɗo a rabonka, ko har yanzu ta magada ce gaba ɗaya? In ba a raba ba, dakatar da komai ka zauna da 'yan'uwa a gaban dattawa, a yi mata kuɗi a rubuta. Mota tana gindin bishiya babu mai kallonta, ran da ta fara zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis kowa zai tuna yana da kaso a ciki.

Dubu 400 ɗin nan kuwa sun riga sun tafi, ko ka gyara ko ka sayar ba za su dawo don ka ji zafinsu ba. Kar su zama dalilin ƙara wasu. Abin da ya dame ni a wasiƙarka shi ne ka lissafo cuta uku, amma ba ka ambaci gwaji ko ɗaya da aka yi ba. Alama ce ta gyaran lalube: a canza wannan a gani, a canza wancan a gani. Shi ke cinye jari, don kowane "a gani" kai ke biya. Sauke inji shi ne lalube mafi tsada, kuma cikin cutukan nan uku ɗaya ce kawai za ta iya kai ka can.

Fara da abin da zai iya kashe maganar gaba ɗaya. A ɗaga motar, ka shiga ƙarƙashi da kanka da ƙaramar guduma, ka ƙwanƙwasa ƙarfen shasi, musamman inda sifirin baya yake kamawa. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa zubowa yake kamar ɓawon gyaɗa. In can ya ruɓe, motar ba ta ɗaukar buhu ba ce, ka sayar.

Sai maganar ruwa. Da safe, inji yana sanyi, buɗe murfin lagireto, cika shi, a tayar da mota ka tsaya kana kallo. In kumfa tana ta bulbulowa ba tsayawa, ko ka zaro ma'aunin baƙin mai ka ga ya koma kamar shayi da madara, ko salansa tana fitar da farin hayaƙi mai kauri bayan inji ya ɗumama, to gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji, ya ƙone ko kan silinda ya lanƙwashe. In babu ko ɗaya, shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Sau da yawa tiyo ne ya tsage saboda daɗewa, ko famfon ruwa ke ɗiga, gyaran da bai kai kuɗin buhu ɗaya na riɗi ba. Ka kuma nemi bakaniken da ke da ma'aunin matsin silinda, ko da sai an je Gumel ko Haɗejiya. Silinda huɗu ne, lambobinsu su zo kusa da juna. In sun zo haka kuma ba su yi ƙasa ba, da wuya injin nan ya buƙaci sauka.

Ko da gaskit ɗin ne, ana cire kan silinda inji yana zaune a mazauninsa. Sai dai injin 504 yana da wata ɗabi'a: hannayen rigar silindansa, wato bututan ƙarfen da fistin ke kai-komo a ciki, zarowa suke yi, ruwa yana zagaye su kai tsaye. In aka cire kan aka juya inji ba a danne su ba, sai su motsa, abin da ya toshe gindinsu ya saki, ruwa ya gangara cikin mai. Tsoffin bakanikan Fijo sun san wannan kamar yunwar cikinsu. Yaron da ya tashi a kan motocin zamani zai iya jawo maka sauke injin da da farko ba ka buƙata. Nemi dattijo, ko da kuɗin aikinsa ya fi.

Mutuwa in ta yi zafi ita ce mafi sauƙin kamawa, amma sai a daidai lokacin da ta mutu, ba bayan ta huce ba. Wuta ce ko mai. Nan take a zare wayar tsakiya da ta fito daga kwayil, wato abin da ke ƙara wa wutar batir ƙarfi, a riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin inji, a yi kik. In tartsatsi shuɗi mai ƙarfi ya yi tsalle, wuta lafiya. In babu, ko ja ne mai rauni, to kwayil ko kondensa ne, su ne masu aiki da sanyi su gaza da zafi. A duba kwantak ma, wato maɓallin da ke yanke wa kwayil wuta, tazararsa wajen milimita 0.4 ce. In wuta na nan, a cire murfin iska a taka totur ana leƙa kafireta, a ga ko mai na fesowa. Tankin da ya shekara takwas a ajiye tsatsa ce fal a cikinsa, tana taruwa ta toshe hanya, in mota ta tsaya ta koma ƙasa. Wanke tanki da sabuwar matatar mai ne maganinta.

Batir kuma mai wayarin ya zo da mita. Cikakken batir a kashe yana nuna wajen bolt 12.6, in inji na aiki ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. In bai hau ba, matsalar tana altaneta, mai cajin batir, ko bel ɗinta. In ya hau amma batir na mutuwa da dare, cire kan batir na nagetif ka kwana. Ya wayi gari da ƙarfinsa? To motar ke zuƙe shi. A haɗa ƙaramin ƙwai tsakanin kan da wayarsa, a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har ƙwan ya mutu, layin da ke satar ke nan. In duk an zare bai mutu ba, a cire wayar altaneta. Ni dai ɓeraye nake zargi, shekara takwas ai sun yi jikoki a bayan dashbod.

Duk wannan aikin kwana biyu ne, kuma kuɗinsa na hannu ne kawai. Bayansa ne za ka san adadin kuɗin gyaran da ya rage na gaskiya, sai ka ɗauko littafi. Nawa kake biyan hayar mota a mako lokacin kaka? Mu ce 30,000. Cire fetur, wanda tun janye tallafi a Mayun 2023 ya zama babban abokin rabon duk mai mota, ga shi injin kafireta ba ya tausayi. Cire direba, baƙin mai, taya, takardu da 'yan kuɗin hanya. In 10,000 ta rage maka a mako, kuma kasuwarka mako 20 take ci a shekara, 200,000 ke nan. Gyaran 300,000 zai ɗauki kaka ɗaya da rabi kafin ya biya kansa. Yanzu auna: wannan 300,000 in ka sayi riɗi da ita a gona ka kai Dawanau, ka juya ta sau uku ko huɗu, nawa za ta haifa? Lambobinka ka sa, ba nawa ba. In motar za ta ɗauki kayan wasu ranakun kasuwa, ƙara wannan, amma rabin abin da kake zato.

Abin da ke goyon bayan gyara shi ne kayanta ba su ɓata ba. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya yi shekaru kusan 30 yana fitar da 504, don haka gwanjonta na nan a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Ka je da kanka da tsohon abin a hannu, a canza abu ɗaya a gwada kafin na biyu, duk abin da aka cire a dawo maka da shi. Kuɗin aiki kuma rabi a gaba, rabi bayan ta je Maigatari da kaya ta dawo ba ta tsaya ba.

Shawarata: yanke iyaka yau, ka rubuta, kuma daga riba za ta fito, ba daga uwar kuɗi ba. Wannan kakar ka yi ta da haya, kar ka ɗora kayan mutane a kan motar da ba a gwada ba. Fenti da kujeru su jira baɗi. In shasi da inji sun ci jarrabawa, ka gyara a hankali bayan zoɓo ya fita. In ɗaya ya faɗi, kira mutumin Kano, amma ka fara gyara wuta da batir, don motar da ta tashi a gaban mai saye ba kuɗinta ɗaya da wadda aka tura ba. In kuma don tunawa da Baba kake son ta, babu laifi, sai dai ka buɗe mata shafi daban a littafin gida, ka cire ta daga na kasuwa.